Ɗinkin Riƙo da Lafin Baki: Nazari a Kan Lifidi da Kayan Doki a Ƙasar Mafara, Bakura da Maradun



Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fada ranar hawan salla ya san inda idon jama'a yake sauka. Ana kallon rawani da alkyabba, ana kallon jalalar da ta rufe sirdi, da zaren siliki da ke walƙiya a rana. Da wuya a sami wanda zai sunkuya ya ɗaga gefen shimfiɗar sirdin nan ya duba yadda aka kalmashe bakinta. Wannan lacca kuwa a kan wannan baki za ta yi magana, da kuma wani ɗinki wanda ko an sunkuya ba za a gan shi ba, domin tun kafin kayan su bar hannun maɗinki an zare shi an yar. Abin da ake son nunawa shi ne, ƙarkon duk wani ɗinki mai cushe ya rataya ne a kan waɗannan ayyuka guda biyu, kuma su ne suka fi saurin ɓacewa idan sana'a ta fara mutuwa, saboda ba su da farin jinin da zai sa a yi musu waƙa ko a ɗauke su hoto.

Abin da ake nufi da ɗinki mai cushe

Ɗinki mai cushe shi ne inda aka haɗa rufi uku aka soke su da zare har suka zama abu guda: ƙyallen sama wanda shi ne fuska, da cushe na auduga a tsakiya, sa'an nan ƙyallen ƙasa wanda ake kira shafi. Turawa suna yin bargon kwanciya ta wannan hanya, suna kiransa kwilt, har a Amurka ya zama abin baje koli a gidajen tarihi. Bahaushe bai ba da ƙarfi ga irin wannan bargo ba, domin gwado da luru sun ishe shi maganin hunturu. Inda ya kai wannan fasaha ƙololuwarta shi ne fagen fama da bayan doki, watau lifidi, da rigar cushe ta mahayi, da kwalkwali, da shimfiɗun sirdi irin su ɗauki-saƙa. A ƙasa da waɗannan akwai katifa da matashi, akwai kuma akumarin jaki, wanda bai kamata a raina shi ba, don kuwa ya fi dukansu shan wahala.

Tun da yake magana ce ta ƙasar Zamfara, dole a lura da harshe. Abin da Bakano zai ce lifidi, mutumin Mafara lihidi zai ce. Ɗinki a bakinsa ɗumki ne, maɗinki kuma maɗumki, auduga kuwa sau da yawa kaɗa ake ce mata. Ɗalibin da ya tafi Bakura da takardar tambayoyi wadda aka tsara da Hausar Kano tsantsa zai dawo da rabin abin da ya je nema. Ita kanta kalmar lifidi baƙuwa ce. Asalinta Larabci ne, daga kalmar da ke nufin ƙyallen gashi da aka danne ya dunƙule, kuma masana harshe suna ganin ta biyo ta Barno ne ta shigo Hausa, hanyar da kayan doki da yawa da sunayensu suka bi.

Shi ɗinkin farko, wanda ake yi da manyan taku don ya riƙe rufin nan uku kafin a yi na ainihi, a wannan lacca za a riƙa ce masa ɗinkin riƙo, domin aikinsa ke nan. Gyaran baki kuwa Hausa tana da kalmominsa tun da daɗewa, kamar lafi da kalmasa da dajiya.

Tarihi a taƙaice

Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, ya danganta shigo da lifidi da sulke da kwalkwalin ƙarfe ga Sarki Kananeji ɗan Yaji, wanda aka ƙiyasta ya yi sarauta daga 1390 zuwa 1410. Dalilin da littafin ya bayar shi ne yawan asarar mutane da aka yi a wani yaƙi. An tattara wannan littafi ne a ƙarshen ƙarni na 19, saboda haka shekarunsa ƙiyasi ne, amma dalilin da ya bayar yana da ma'ana ƙwarai: lifidi amsa ce ga kibiya. Abin sha'awa kuma shi ne, a daidai wannan zamani ne aka ɗinka wani shahararren bargon cushe a tsibirin Sisili na ƙasar Italiya, wanda aka zana labarin jarumi Tristan a jikinsa, kuma wani ɓangare nasa yana ajiye a gidan tarihi na Victoria da Albert a Landan. Mayaƙan Turai na wancan lokaci su ma suna sa rigar cushe a ƙarƙashin sulke. Ke nan matsala ɗaya ce ta sa mutanen da ba su san juna ba suka kama allura iri ɗaya.

Kibiyar ƙasar Hausa mai dafi ce, ba ta bukatar ta shiga da nisa, ƙwarzane kaɗai ya isa. Aikin lifidi shi ne ya shanye ƙarfinta, ya riƙe kanta a cikin auduga kafin ya taɓa fata. To, idan audugar ta zame ta taru a ƙasa, ta bar wani gurbi fayau daga ƙyalle sai ƙyalle, wannan gurbi shi ne ajalin doki, wani lokaci har da na mahayinsa. Wannan shi ya sa maganar ɗinkin riƙo a wancan zamani maganar rai ce.

Yankin da ake magana a kansa yana tsakanin Gobir ta arewa da Sakkwato ta yamma da sauran ƙasar Zamfara ta kudu da gabas, watau a tsakiyar filin da aka yi ta gwabzawa a ƙarni na 19. A yaƙin Tafkin Kwatto na 1804, rundunar Sarkin Gobir Yunfa ta fito da dawaki masu lifidi, amma 'yan baka na jama'ar Shehu Usmanu suka yi galaba a kansu. Bayan an kafa daula sai waɗanda suka ci nasarar su ma suka tanadi nasu 'yan lifidin. Baturen nan Hugh Clapperton ya gan su da idonsa a watan Oktoba na 1826, sa'ad da ya tarar da rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ta kewaye birnin Gobirawa na Konya. A littafin tafiyarsa, wanda aka buga a 1829 bayan rasuwarsa, ya bayyana su da ɗan ba'a, saboda nauyin kayan da rashin saurin dawakin. Ba'ar tasa tana da ƙamshin gaskiya. Ba a yi lifidi don sukuwa ba, an yi shi ne don ya zama garkuwa mai tafiya, 'yan ƙasa su fake a bayansa, ko kuma ya kewaye sarki. Joseph Smaldone ya yi bayanin wannan tsari a littafinsa na 1977 a kan yaƙi a Daular Sakkwato, kafin shi kuma A. D. H. Bivar ya yi nazarin makaman Arewa a 1964. Sai dai su duka sun fi kula da amfanin kayan a fagen fama, ba su zauna a rumfar maɗinki ba.

Kaɗa da rimi

Kafin a fahimci ɗinkin riƙo sai an san halin abin da ake son riƙewa. Cushe iri biyu ne ya fi yawa, audugar gona da audugar rimi, kuma halinsu ya sha bamban.

Audugar gona, bayan an gurje ta an raba ta da gurya, an kuma shiɓe ta da baka, silinta yana da murɗiya, yana kama ɗan'uwansa. Saboda haka ana iya shimfiɗa ta falle-falle kamar tabarma, ta zauna inda aka sa ta. Aibinta nauyi, da shan ruwa. Idan gumin doki ya jiƙa ta sai ta dunƙule, ta ƙara nauyi, ta daɗe ba ta bushe ba. Audugar rimi kuwa silinta santsi gare shi, cikinsa kuma rami ne mai iska, shi ya sa ba ta da nauyi, ba ta shan ruwa, ba ta kuma kaɗuwa a mazari yadda ta gona take kaɗuwa. Wannan santsi shi ne matsalar maɗinki. Ba a shimfiɗa ta a zauna lafiya, ko numfashi mai ƙarfi yana tashin ta. Hanyar da ta fi dacewa da ita ita ce a fara ɗinke fuska da shafi layi-layi, a bar gidaje dogaye kamar bututu, sa'an nan a riƙa tura ta ciki da sanda har kowane gida ya cika ya yi tauri. Wani aibin nata kuma shi ne kama wuta, domin ko tartsatsi ya ishe ta, kuma abokan gaba sun san haka.

Ga duk mai son ganin irin wannan aiki a yau, gidan tarihin Birtaniya a Landan yana da lifidin doki na ƙasar Sudan, wanda aka kwaso a lokacin yaƙin Omdurman na 1898. An yi fuskarsa da 'yan ƙyallaye masu launi daban-daban da aka harhaɗa. Daga bakin kogin Nilu har zuwa gulbin Sakkwato sana'ar ɗaya ce, sai ɗan bambancin ado.

Ɗinkin riƙo

Ƙa'idar wannan aiki ba ta canzawa, ko a Maradun ake yin sa ko a Alabama, domin halin ƙyalle ne ya kafa ta.

Ana fara shimfiɗa shafi a wuri mai laushi da daidaito, fuskarsa tana kallon ƙasa, a miƙe shi har duk wata tattara ta fita, a danne kusurwoyinsa. A nan akwai wani ɗan siriri na bambanci tsakanin miƙewa da ja. Idan aka ja shafi fiye da kima, to da zarar an sake shi zai koma yadda yake, ya tattaro fuska da cushe, aikin ya yi ƙunci kamar goshin mai fushi. Idan kuma aka bar shi sako-sako, allura za ta riƙa kama ninki a ƙasa inda maɗinki ba ya gani. Bayan shafi sai a baza auduga daidai wa daida, a riƙa shafawa da tafin hannu, domin hannu ya fi ido gane inda ta yi kauri da inda ta yi sirara. Sa'an nan a ɗora fuska.

Shafi da cushe kullum ana barin su su ɗara fuska faɗi ta kowane gefe, kamar yatsa uku ko huɗu. Dalili kuwa, ɗinkin ainihi yana tsuke aiki. Kowane layi da aka soka yana cin ɗan faɗi, in an tara layi ɗari sai a ga an rasa abin da ba a zata ba. Wanda ya yanka rufin ukun daidai da juna tun farko don tsimin yadi, zai isa baki ya tarar shafi ya gudu ya bar shi.

Daga tsakiya ake fara ɗinkin riƙo, a nufi gefe, a dawo tsakiya a nufi ɗaya gefen, haka nan har a ratsa aikin tsaye da kwance, tsakanin layi da layi kamar faɗin tafin hannu. Hikimar farawa daga tsakiya ita ce, duk wani rarar ƙyalle ana kora shi ne waje, inda almakashi zai same shi. In aka fara daga gefe, rarar takan taru a tsakiya ta yi tozo, kuma babu inda za a kai ta. Takun allurar manya ne, tsawon gaɓar yatsa ko fiye. Ba a ɗaure ƙarshen zaren da ƙulli mai tsanani. Zaren ma ba a son mai ƙarfi ainun, domin wanda ya fi ƙyallen ƙarfi yana iya yaga shi wajen zarewa. Kuma ana zaɓen launin da ya saɓa wa na yadin, don a gan shi a cire shi duka. Samarin yanzu idan suna son su ce abu bai dace da wani ba sukan ce zaren ba kalar yadin ba ne. To, ga wuri ɗaya a duniya inda rashin dacewar shi ake nema.

Masu ɗinkin bargo a Turai da Amurka yanzu sun sami hanyoyin gajarta wannan wahala. Wasu suna amfani da fil mai makulli, wasu suna fesa wani danƙo mai fita a wanki. Akwai kuma waɗanda suka kauce wa ƙa'idar tsakiya baki ɗaya, watau matan Siddi na jihar Karnataka a Indiya, jikokin mutanen Afirka da aka kai can ƙarnuka da suka wuce. Su daga baki suke fara bargonsu mai suna kawandi, suna kewayawa suna ƙara ƙyalle har su ƙare a tsakiya. Abin da ya ba su damar haka shi ne, tsohon zane suke sawa a ciki, ba sakakkiyar auduga ba, kuma fuskar tasu ƙananan ƙyallaye ce da ake ɗorawa ɗaya bayan ɗaya, saboda haka babu wani babban yadi da zai tara rara. Mai lifidi ba shi da wannan sauƙi.

Abin da ya sa wannan mataki ya cancanci dogon bayani shi ne, ba ya barin shaida. Mai nazari zai iya ɗaukar tsohon lifidi ya ƙirga takun allura a kowane inci, ya gane irin zaren, ya gane rinin. Amma ba zai taɓa gani a jikinsa yadda aka riƙe shi kafin a ɗinka ba. Wannan ilmi a hannun maɗinki kaɗai yake zaune, yana wucewa daga uba zuwa ɗa ko daga maigida zuwa yaronsa, kuma yawanci shi ne aikin da ake fara ba yaro bayan zura zare a allura. Ranar da aka daina ɗaukar yara a rumfa, ranar ya fara mutuwa, ko da kuwa kayan da aka ɗinka suna nan rataye a zauren sarki.

Baki

Idan an gama ɗinkin ainihi, an zare na riƙo, sai a daidaita gefe da almakashi. A wannan lokaci aikin yana cikin hatsari, domin bakinsa a buɗe yake, auduga tana leƙowa. Kuma baki shi ne inda duk wata wahala take sauka. Shi ke gogar ƙafar doki da likkafa, shi ƙaya take kamawa, shi gumi yake gangarowa ya tsaya a kai, shi ne kuma ake kamawa a ja idan za a ɗora ko za a sauke. Tsakiyar shimfiɗa takan yi shekaru lafiya lau alhali bakinta ya daɗe da zaizayewa.

Hanya mafi sauƙi ita ce a kalmaso rarar shafi ta hau kan fuska, a ninke ta sau biyu, a lafe. Ba ta cin ƙarin yadi, shi ya sa ta yawaita a katifa da akumari. Illarta ita ce, in bakin ya cinye, shafin kansa ne ya cinye, gyara kuwa sai an yi babban aiki. Hanyar da ta fi ta ita ce a kawo wani ƙyalle dabam, siriri, a rungume bakin da shi gaba da baya. Wannan ƙyalle kamar takalmi yake ga ƙafa, an sa shi ne don ya mutu a madadin abin da yake karewa, in ya ƙare a ɓalle shi a sa sabo. A kayan sarauta a nan ne ado yake shigowa, a sa jan mulufi ko wani yadi mai launi, wani lokaci a bi shi da tuntaye. Inda kuma gogayya ta yi tsanani sai aiki ya koma hannun baduku, ya bi bakin da jar fatar akuya, irin wadda ƙasar Sakkwato da Zamfara suka yi suna da ita har Turai, inda aka daɗe ana kiranta fatar Maroko saboda ta can take bi ta isa gare su. A nan allura takan ba basilla wuri.

Akwai wata dabara da ta shafi yadda ake yanka ƙyallen bakin. Idan aka yanka shi a miƙe, bin tsawon zaren saƙa, to zare ɗaya ko biyu ne za su kwanta a kan ƙaifin bakin daga farko har ƙarshe, su kaɗai ke shan guga, in sun tsinke sai bakin ya tsage gaba ɗaya. Idan kuwa aka yanka shi a karkace, zaruruwa masu yawa ne suke gittawa ta kan bakin, kowanne ya ɗauki rabonsa na wahala, ga shi kuma yana miƙuwa ya bi lanƙwasa ba tare da tattara ba. Amma yankan karkace yana son yadi mai faɗi, irin na masaƙar inji. Masaƙin gargajiya na maza siririn ƙyalle yake fitarwa, mai gamammen baki ta gefe biyu, wanda ba ya warwarewa. Wannan kuwa kamar an saƙa shi ne musamman don rungumar baki madaidaici. Inda aka zo kwana sai maɗinki ya yi ta 'yan ninki ƙanana, ko ya yanka ya saka ƙari. Wanda ya duba shafin da ake yi wa gindin babbar riga ta saƙi ko ta tsamiya, wanda a da akan yi da alharini, zai ga yadda maɗinkan Hausa suka warware wannan matsala ta kewaya da'ira da ƙyalle madaidaici. David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a shekarun 1970, ya yi dogon nazari a kan adon rigunan Hausa, Colleen Kriger kuma ta bi sawun rigunan Daular Sakkwato. Kayan doki ba su sami irin wannan gata ba.

Kusurwa ita ce jarrabawar ƙarshe. Nan ne rufi yake ninkuwa ya yi kauri har allura ta ƙi shiga, nan ne kuma mai gaggawa yake dunƙule ƙyalle ya soke shi ko ta yaya. Gwani yakan karya ƙyallen a karkace, ninkin ya fito kamar an ja layi daga tsinin kusurwa zuwa ciki, gaba da baya iri ɗaya. Haka kuma idan za a ƙara faffadan gefe na ado, ba a auna tsawonsa a bakin aikin, domin baki ya riga ya miƙe da jan hannu. Ta tsakiya ake aunawa, a yanka gefen daidai da wannan awo, a tilasta wa baki ya bi shi. Wanda ya auna a baki zai ga gefensa yana kaɗawa kamar ganyen kabewa.

Daga 1903 zuwa yau

A ranar 15 ga Maris, 1903, sojojin Ingila suka ci Sakkwato. Auduga ba ta tare harsashi, saboda haka aikin lifidi na yaƙi ya ƙare a nan. Abin da ya rage masa shi ne hawan salla da hawan daba, kamar wanda aka yi wa Sarauniya Elizabeth a Kaduna a 1956, da na bikin FESTAC a 1977. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan daba na Kano cikin jerin al'adun duniya da suka cancanci kiyayewa. Abin farin ciki ne, amma yana da kyau a lura cewa kayan da ba za a harbe su da kibiya ba, ba wanda zai tambayi ko cushensu ya zauna daidai. Tun daga ranar da lifidi ya zama abin kallo, fuska ta fara cin kasuwar ciki da baki.

Sauran canje-canjen sananne ne, ba sai an daɗe a kansu ba. Jirgin ƙasa ya ratsa Gusau ya isa Ƙaura Namoda a 1929, kaɗar Zamfara ta kama hanyar injin gurza da tashar jirgin ruwa, yadin kanti kuma ya kama hanyar ƙauye. Madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka gama a 1978, ta sauya fuskar gonakin da ke tsakanin waɗannan garuruwa uku, aka share filaye da itatuwan amfani, rikicin diyya kuma ya kai ga zubar da jinin manoma a watan Afrilu na 1980. Katifar soso ta kori ta auduga daga ɗakin amarya, babur ya rage wa jaki da akumarinsa aiki, bargon gwanjo ya cika kasuwa. A kan wannan duka sai ga matsalar 'yan bindiga, wadda ta tashi ƙauyuka da dama a Maradun da Bakura da Mafara, har a 2021 gwamnatin jiha ta rufe kasuwannin mako-mako na wani lokaci. Ga garin da sunansa ma daga ranar kasuwa ya samo asali, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Tsohon maɗinkin da ya yi gudun hijira zuwa Gusau ko Sakkwato ba ya tafiya da rumfarsa, yaransa kuma sukan kama acaba ko wata sana'ar.

Abin da ya rataya a wuyan masu sauraro

Ɗaliban sashen Hausa kowace shekara suna neman abin da za su rubuta kundin digiri a kansa, da yawa kuma sukan koma ga mawaƙin da an riga an rubuta kundi goma a kansa. Ƙamusun Bargery na 1934 cike yake da sunayen kayan doki da na ɗinki, amma ƙamus sunan abu yake bayarwa, ba ya nuna yadda hannu yake tafiya. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau a Talata Mafara, ga kuma jami'ar jiha a garin, cike da 'ya'yan yankin waɗanda Zamfarci ne harshen gidansu, kowannensu da waya mai ɗaukar hoto da murya a aljihu. Abin da ake bukata shi ne a zauna da maɗumki da baduku tun daga shimfiɗa shafi har zuwa kusurwar ƙarshe, a ɗauki aikin yana gudana, a tambayi sunan kowane taku da bakinsu, a rubuta shi yadda suka faɗa, kada a gyara musu shi zuwa daidaitacciyar Hausa. Musamman a tambayi abin da suke kiran ɗinkin da ake zarewa, a gari uku ɗin nan, a ga ko sunan ɗaya ne.

Ma'aikatan gwamnati kuwa, su ne ke sa hannu a takardar sayen kayan hawa idan biki ya taso, su ne kuma ke riƙe da makullan ɗakunan ajiya na masarautu da gidajen tarihi. Tsohon lifidi ba a rataye shi a ƙusa, domin nauyinsa yana jan cushe ƙasa ya tsinka ɗinki. Kwantar da shi ake yi a shimfiɗe, nesa da bango mai danshi da gara, nesa da wuta. Idan bakinsa ya zaizaye, kada a ba telan keke ya datse shi ya bi da sabon yadi mai ƙyalli kafin a ɗauki hotonsa a auna shi, domin tsohon bakin nan shi ne ya fi kowane sashe nuna hannun wanda ya yi aikin. Idan kuma sabon kaya aka kawo a saya, jami'i ya kife shi ya dubi shafi ko akwai ninkin da allura ta kama, ya matsa cushen da yatsa a wurare da dama ya ji ko kaurinsa ɗaya ne, ya tambaya auduga ce a ciki ko yankakken soso, sa'an nan ya bi kusurwoyin nan huɗu ɗaya bayan ɗaya kafin ya ɗauki alƙalami.